Haɗiye Yawu In Gani

Ni na ce mata ta tafi, don haka ba ni da bakin ƙorafi, amma ina yi. Matata likitar yara ce. A duk yankinmu babu ko mutum ɗaya da ya ƙware a kan cututtukan homon, wato sinadaran nan da ke sa yaro ya yi tsawo, ya balaga, sukarin jikinsa ya zauna daidai. Ta sha dawowa gida rai a ɓace, ta ce an kawo mata ɗan shekara goma kamar ɗan biyar, ba ta da abin yi sai maganin ƙarin jini da Allah ya sawwaƙe. Da gurbin karatun ya fito a wata ƙasa, har shekara biyu, na bugi ƙirji na ce ni da Auta ba za mu mutu da yunwa ba. Yunwa kam ba ta kashe mu ba. Kewa ce ta so ta yi.

Auta ita kaɗai ta rage mana a gida, yayyenta na makarantar kwana. Da farko in uwarta ta kira ta bidiyo, har kokawa muke yi a kan wayar. A hankali surutun ya ragu, ya koma ina wuni, lafiya lau, ya makaranta. Wannan shi ne abin da ke cin Maman Auta. Ta ce min tana tsoron ranar da za ta dawo ta tarar da baƙuwa a ɗakin 'yarta.

Ita kuwa can aiki ya sha mata kai. Ta taɓa zagayawa da ni asibitin ta waya: dogayen bencina cike da iyaye mata, katakon awon tsawo a jikin bango, ƙaramin firji na allurar masu sukari, da kofin ruwa a kan kowane tebur. Na tambayi na mene ne kofin, ko likitocin ƙasar ƙishirwa ke damunsu. Ta ce na yara ne. Ana ba yaro ya kurɓa, ana kallon wuyansa yana haɗiyewa, in akwai kumburin maƙoƙo sai ya motsa. Malamarsu, wata tsohuwar farfesa mai faɗan tsiya, kullum tana nanata musu cewa inda za su koma babu manyan na'urori, don haka ido ne na'urarsu. Kafin uwa ta buɗe baki, su gama duba wuya, ido, fata da hannu. Matar nan tawa ta ɗauki karatun har ya yi yawa. Ko a motar haya, in ji ta, wuyan mutane take kallo. Ni ma ta taɓa ce min na yi ƙiba a fuska. Na ce madalla, wasu matan kewar miji suke yi, tawa awo take yi.

Akwai wata sarƙar duwatsu ta Maman Auta da ta tsinke tun kafin tafiyar, aka zuba a gwangwani aka manta. Auta ta zaƙulo ta. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta baje duwatsun a faranti, tana zura su da zaren kamun kifi da ta sa na nemo mata. Ta warware ta sake ya fi a ƙirga, wai ba haka jerin Mama yake ba. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa ba.

Ranar da ta gama, da yamma, ita da kanta ta ce in kira. Ta karɓe wayar, ta ɗaga haɓa, ta juya wuya hagu da dama tana danne murmushi. Ina tsaye a bayanta, ina ganin fuskar uwarta a gilashin, sai na ga ta sauya. Ta matso da ido.

"Tsaya haka, Auta. Haɗiye yawu in gani."

Yarinya ta haɗiye. Uwar ta ce ta ƙara. Ta ce in kawo ruwa a kofi, in juya ta wajen taga don haske. Ina ta yi mata alama da hannu kamar mai korar kaji, ina, ba ta gan ni ba. Ta tambayi ko tana yawan jin sanyi, ko barci ya yi mata yawa. Can ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi, inuwa ce kawai. Auta ta miƙo min wayar ta shige ɗaki.

Raina ya ɓaci, na kuwa faɗa wa uwar son raina. Na ce wuyan kika gani, abin da ke wuyan fa? Sannan a hankali ta tambayi wace kala ce. Wallahi da na san haka muryarta za ta yi, da na haɗiye nawa faɗan.

Daga nan Auta ta daina zuwa waya. Yau tana wanka, gobe aikin gida. Uwar ta aiko saƙon murya kala-kala, har da na ban dariya, Auta ba ta saurara ba. Na lallaɓa, na yi faɗa, na sake lallaɓawa. Sai da aka kwana biyu sosai ta yarda.

Ta fito wuya babu komai. Ta gaishe da uwarta da ladabi, kamar yadda ake gaida malamar makaranta. Kafin uwar ta ce uffan, ta ɗaga haɓa, ta haɗiye yawu, ta juya gefe ta sake haɗiyewa.

"Lafiyata lau, Mama. Ga Baba."

Ta koma ɗaki ta tura ƙofar. Matata na zaune a kan bencin asibitin, da farar riga, ana ta kiranta daga baya ba ta waiwaya ba.

"Baban Auta, kar ka kashe," in ji ta. "Ajiye ni a bakin ƙofarta, ko motsinta in ji."

Na durƙusa na jingina wayar da ƙofar. A ciki Auta na jan kujera, tana buɗe jakar makaranta, uwarta kuma ta kara kunne.