Ƙarfen Birkin Tsoho

Labbo na tsugune gaban buhun da Dalhatu ya zazzage, yana tonon ƙarafa kamar kaza a juji, sai hannunsa ya faɗa kan abin da bai zo nema ba.

Kafireta ce ta taso shi daga Kaura zuwa kasuwar Shinkafi. Mashin ɗin da yake kabu-kabu da shi ya kai shekarun da in ya yi tari da safe maƙwabta kan yi masa sannu. Lamba kaɗai ta rage ta asali a jikinsa, sauran duk kayan kwance ne, kuma Labbo na taƙamar bai taɓa sayen sabuwar ƙusa ba. Ƙa'idar rumfar Dalhatu ɗaya ce: ka taya, ka biya, kada ka tambayi inda kaya suka fito. Shekara takwas Labbo na kiyaye ta fiye da yadda yake kiyaye sahun farko.

Abin da ya tono ƙarfen birki ne na ƙafa, amma an yi masa ƙari da walda, an ɗaga shi kamar yatsu huɗu, an naɗe kansa da jar roba. Duk Kaura mutum ɗaya ke taka irinsa: Tsoho, maƙwabcin Labbo kuma abokin sana'arsa, wanda shan inna ta gajarta wa ƙafar dama. Labbo ne ma ya raka shi wurin mai walda, yana tsokanarsa, "A kafa maka tsani mana, ka huta."

Kwana goma sha ɗaya ke nan da wani fasinja mai farar shadda ya tsayar da Labbo, zai je Zurmi. Ya dubi mashin ɗin sama da ƙasa, ya yatsina fuska. Labbo ya yi dariya ya nuna masa Tsoho, mai sabon tanki da tayoyi masu ƙyalli. Alheri ya yi wa maƙwabci. Tsoho bai dawo ba.

Tun ranar Hamida, matar Tsoho, ba ta ajiye waya, tana jiran masu garkuwa su kira. Addu'ar unguwa ke nan: Allah ya sa sace shi aka yi. Don kowa ya sani, mutanen daji hawan mashin suke yi, ba sa kwance shi. Masu kwancewa kuwa ba sa barin mai shi da bakin ba da labari.

"Dalhatu, wanga hwa, ina kas samo shi?"

Dalhatu bai daina ɓare rakensa ba. "Sarkin tayi, yau kuma tambaya ka koyo? Buhu anka kawo, buhu nis saya."

"Wa yak kawo?"

"Wanda yak kawo tayar da kah hawo bisanta. Rannan ban ji ka tambaya ba." Ya tofar da ɓawo. "In kana so ɗauka. Wa za shi saye nai in ba gurgu ba?"

Abin da Labbo bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, sai da ya taya. Bakinsa ne ya riga shi. Dalhatu ya rage masa, ya karɓa.

A hanya ya rage gudu a kan gada, ya dubi ruwa. Jefawa ɗaya zai yi, Hamida ta ci gaba da jiran kira. Ƙarfen na cikin aljihunsa yana dukan cinyarsa. Ya wuce.

Bayan la'asar ya yi sallama a zauren Tsoho. Hamida ta leƙo, waya a hannu.

"Baban Saliha, lahiya? Kai sunka kira?"

"Ba su kira ba, uwar Fauziyya."

Ya shirya magana tun daga Shinkafi, duk ta zube. Ya ciro ƙarfen ya ajiye a kan dakali.

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Ta sa yatsa ta taɓa jar robar.

"Daga silifa na niy yanko mai ita," ta ce. "Yana cewa ƙahwa tai na zamewa."

Ba ta tambayi inda ya samo shi ba, Labbo kuwa ya fi son ta tambaya. Ta kifa wayar a gefen ƙarfen. Sannan ta kai hannu cikin hijabi ta ciro 'yan kunnenta, ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe su a tafi. Mai takaba ba ta ado.

A tsakiyar zauren, inda Tsoho ke kafa mashin, baƙin tabon mai na nan. Kullum tana share kewayensa, ba ta taɓa bin kansa da tsintsiya ba.