Bangon da Dada Ke Dafawa

Namadi ɗan Arzika ne ya kashe Dada. Na faɗa a ƙofar gidan su Namadi ranar sadakar uku, kuma ban janye ba.

Shekara arba'in muna maƙwabtaka da ita a Tambuwal, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da yanar ido ta rufe mata gani ba ta yarda a ja ta ba, sanda ma ta ƙi. Kullum da hantsi takan tafi gidan ɗiyarta Mardiya a bakin kasuwa, hannu a bango. Ta san katangar Malam Dawuda da kaushin shafen makuba, ta san inda za ta sunkuya wa indararo, ta san dakalin mahauta da maiƙonsa. Daga nan sai dogon bangon zauren Arzika, ginin kakanni, shi ke kai ta har kwana.

Namadi ya samu kwangila a Sakkwato, ya dawo da sabuwar Fijo, ya ce gidan ƙasa ya ishe shi, siminti da kwano yake so. Ran Laraba da la'asar leburori suka rushe zauren, suka haƙa ramin tushe mai kai wa mutum ƙugu. A unguwarmu in za ka taɓa bangon da ke kan hanya, gida-gida kake bi kana sanarwa, ka kuma gitta itace. Bai yi ko ɗaya ba. Ni kuwa ina Kebbe wajen suna.

Washegari Dada ta miƙa hannu ta dafa iska.

Kwana tara ta yi kwance da karyayyen kwankwaso, mai ɗori ya ce ƙashin ya tsufa. Ba ta zagi kowa ba. Abu ɗaya ta tambaye ni.

"Zahara'u, ni niɓ ɓace, ko bango yat tashi?"

"Bango anka kayas, Dada."

"To, alhamdu lillahi. Na aza hankalina ne yaf fara gushewa."

Da ta rasu Namadi ya aiko da buhun shinkafa, maza suka ce ƙaddara ce. Na san ƙaddara, ba sai sun koya mini ba. Ƙaddara ba ta ɗaure masa baki ba.

Jiya na bi ta wurin. Ramin na nan buɗe, ruwan sama ya kwanta a ciki, takalminta na roba ƙafa ɗaya yana yawo a kai. Na sa kara na jawo shi.

Gobe in an sauko daga Juma'a zan zauna ƙofar mai unguwa da takalmin a cinyata. A kira Namadi ya tsaya gaban jama'a, ya faɗi abin da ya hana shi taku ashirin ya yi wa tsohuwa sallama.