Zarton Bahago

Ranar da Gaiya ya koma rumfarsu ta unguwar Sauka Kahuta, da sanda ya koma, yana ɗingishi, amma fuskar nan tasa sai ka ce ango. Tun farkon damina keke ya kife da shi a hanyar Maitumbi, ƙashin cinya ya karye, aka yi ta fama daga asibiti zuwa wajen mai ɗori, ga shi har sabuwar doya ta cika kasuwa. Ya gaji da kwanciya, ya gaji da faɗan 'yarsa Liyatu a kan shan magani. Ƙamshin katako kawai yake marmari.

Shi da Ndakotsu, mutumin Bida, sun haura shekara ashirin suna aikin kafinta a rumfa ɗaya. Ba su taɓa sa wa wurin suna ba, allo ma ba su kafa ba. Akwatin kayan aiki ɗaya ne, makulli biyu. Wanda ya ga guduma mai kyau a kasuwa sai ya saya ya jefa ciki, ba mai tambayar ta wace ce. Ranar Juma'a Gaiya ke tsare rumfa, Lahadi kuwa Ndakotsu. 'Yan layin kafintoci har tsiya suke musu, wai miji da mata ma ba sa haɗa akwati haka.

Akwai dai kayan da ko makaho ya shafa ya san na Gaiya ne, don shi bahago ne. Duk zarton da ya saya sai ya cire mariƙin kanti, ya sassaƙa nasa da icen maɗaci, ya bar ɗan gurbi inda babban yatsan hagu zai kwanta. Haka ya yi wa kurfinsa na fafe katako, haka ya yi wa gizagon da ya gada wajen mahaifinsa a Zonkwa. Idan Ndakotsu ya ɗauki ɗaya bisa kuskure, yar da shi yake yi yana mita, wai kayan nan a karkace aka haife su kamar mai su.

Ndakotsu ya tarbe shi hannu bibbiyu. Ya share masa benci, ya aika a kawo kunu.

"Baban Liyatu, yaya ƙafan? Ka rame fa."

"Da sauƙi, Nda. Zama ne ya cinye ni."

Bai ko taɓa kunun ba ya buɗe akwati ya zaro babban zartonsa. Yatsa ya tafi gurbinsa kamar kullum, sai ya ji wurin da kaushi. Ya juya mariƙin ya duba. An ƙona haruffa a jikin icen, baƙaƙe wuluk, sun shiga ciki sosai: NDAKOTSU.

Ya ɗauki kurfi, haka. Gizagon ubansa, haka. Ya zazzage akwatin kaf a ƙasa, babu abin da ya tsira, har da tsohuwar gudumar da ƙotarta ta tsage.

"Nda, mene ne wannan?"

Ndakotsu ya sosa ƙeya, ya shiga bayani. Bayan haɗarin, sata ta yi yawa a layin, aron kaya kuma ya zama rigima, kowa na cewa nasa ne. Sai ƙungiyar kafintoci ta yi mitin ta kafa doka: kowa ya sa suna a kayansa, sunan da aka gani shi ne mai abu. Akwai wani mai aikin ƙarfe a Bosso da ke yin hatimi, ka ba shi sunanka ya zana a tagulla, ka sa a wuta ya yi ja, ka danna a katako. Ya janyo hatimin daga aljihu ya nuna, ɗan ƙarami, yana sheƙi.

"Na ce ya sa mu biyu, wallahi na ce. Ya ce wuri ba zai ɗauka ba, rubutu zai cakuɗe. Kai kana asibiti. Me zan yi?"

"Waya fa? Ka zo duba ni ba sau ɗaya ba. Bakinka ciwo yake?"

"Haba, abu kaɗan ne. Sunana, sunanka, ai duk ɗaya ne."

Idan duk ɗaya ne, me ya hana a sa nasa? Haka Gaiya ya tambaya a ransa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya san Ndakotsu ba ɓarawo ba ne. Da ɓarawo ne da abin ya zo da sauƙi, sai a yi zage-zage a rabu. Mutumin nan zama ya yi ya hura gawayi, ya bi kayan bahago ɗaya bayan ɗaya yana danna sunansa, kuma ransa bai ce masa komai ba.

Gaiya ya tattara kayan ya mayar, ya ce a ransa bari ya yi haƙuri, baƙin rubutu ba ya hana zarto yanka.

Wajen azahar wata mata ta sauko daga mota, Hajiya Kafayatu, mai gidan abinci a Bosso. Gaiya bai san ta ba. Ta ce tebur take so, irin wanda ta saya kwanakin baya, ta buɗe waya ta nuna hoto. Gaiya ya leƙa. Teburinsa ne, wanda ya gama haɗawa ana gobe zai yi haɗari, wanda ya haɗa ƙafafunsa ba ƙusa ko ɗaya.

"Duk wanda ya zo cin abinci sai ya tambaya," in ji ta. "Ni kuwa sai in ce ya leƙa ƙarƙashi, sunan mai aikin na nan. Yanzu Bosso kowa ya san aikin Ndakotsu."

Ashe ba kayan aiki kaɗai hatimin ya ci ba. Gaiya ya zuba wa abokinsa ido yana jira. Magana ɗaya ce, ba ta da nauyi: ya ce aikin Gaiya ne. Ndakotsu sai murmushi yake, yana cewa an gode, an gode.

Hajiya ta dubi mai sanda. "Wannan fa? Sabon ma'aikaci ka ɗauka?"

"A'a, abokina ne," in ji Ndakotsu. "Yana taya ni aiki, tun da daɗewa."

Gaiya ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko ranar da aka ɗauke shi a kan titi wando a yage. Bayan kunyar sai baƙin ciki. Ya jira motar ta tashi, ya samo buhun siminti, ya zuba zartunansa da kurfi da gizago. Na hannun hagu kawai ya ɗiba, ko ƙusa bai ƙara ba. Ya cire makullinsa ya ajiye a kan akwati. Ndakotsu na ta "Baban Liyatu, tsaya mana, mu yi magana," bai waiwaya ba. A bayan gidansa na Maitumbi akwai inuwar mangwaro, ta ishe shi wurin aiki.

A bakin layi Sheshi, ciyaman ɗin ƙungiya, ya tare shi. Mutum ne mai son a san shi ne ciyaman.

"Oga Gaiya, sannu da jiki. Sai dai doka ce, buhu ba ya fita sai an duba."

Ya zazzage kayan a ƙasa, ya ɗaga zarto, ya karanta da ƙarfi kamar mai shela. Kafintoci suka ajiye aiki suka matso.

"Sheshi, riƙe shi da dama ka gani," in ji Gaiya. "Kai ba ka san zartona ba?"

"Na sani. Kowa ya sani. Amma in na bari yau, gobe wani zai ce shi ma an san nasa. Suna muke bi. A kira mai kaya."

Aka kira mai kaya. Ndakotsu ya iso yana haki, ya ga taron, ya ga abokinsa tsaye a kan sanda da kaya warwatse a gabansa. Tausayi ya kama shi, na gaske, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗaga hannu.

"Ku ƙyale shi, don Allah. Ya tafi da su duka. Na ba shi, kyauta."

Wurin ya ɗauki sa albarka. Wani ya ce Allah ya saka da alheri, wani ya ce irin su Ndakotsu sun yi ƙaranci a zamanin nan. Sheshi da kansa ya durƙusa ya mayar da kayan cikin buhu, ya miƙa wa Gaiya, amma bai saki bakin buhun ba.

"To, Oga Gaiya, ai sai ka yi godiya."

Gaiya ya so ya sakar musu buhun ya tafi. Amma ƙarfin sayen wasu kayan babu, hannunsa kuma bai san wani mariƙi ba sai waɗannan, ga gida yana jiransa. Ya dubi mutanen da suka yi shekara da shekaru suna aron gizagon nan a hannunsa, duk suna jira su ji.

"Na gode, Malam Ndakotsu," ya ce.

Sheshi ya saki buhun.