Fulogin Baya

Motar da tari ta fara. Da safe sai an yi ta lallashi kafin ta tashi, in ta tashi kuma ta riƙa karkarwa tana mutuwa a kowace danja. Daga baya ko ƙofar gida ta daina kaiwa. Shi ya sa Direba ya yi fashin zuwa gashin ƙashi har sau biyu a jere.

Direba mijin Anti Tela ne. Sunan ne kawai ya rage, don rabonsa da sitiyari tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Abin da ciwon ya bar masa shi ne hannun hagu da wani gurnani guda, da shi yake neman ruwa, da shi yake neman bayi, da shi yake faɗa. A farkon ciwon in an tambaye shi abu yakan gyaɗa kai a inda ya kamata ya girgiza, har aka gaji aka daina tambayarsa. Asibitin gashin yana can ƙarshen gari, kuma babu ɗan tasin da zai tsaya a ciccibi ƙato kamar Direba a naɗe masa kujerarsa mai tayoyi. Dole ce ta sa Anti Tela koyon tuƙi da girmanta.

Yayansa ya zo dubiya a makon nan. Ya tsaya a tsakar gida, ya dafa kujerar ƙaninsa kamar ya dafa tebur.

"Ke dai kin yi iya yinki," ya ce mata. "Mutum bai san wanda ke kansa ba. In ya ƙara fashi zan zo in ɗauke shi. Akwai ɗaki a bayan gidana, akwai masu juya shi."

"Yaya, a garinku fa babu wurin gashi."

"Gashin me? Wa ya rage a ciki da za a gasa?"

Ta ji zafin maganar, amma ba ta da bakin musu. Ita ma ta daɗe da fara magana a kansa kamar ba ya wurin. Tana masa aski ta taɓa ce wa ƙanwarta a waya, cikin kuka, wallahi ta gaji, wani lokacin har takan ce ina ma ranar nan bai farka ba.

Makanike ya zo ya kara kunne a injin, ya ce fulogogi ne suka mutu. Na gaba wasan yara ne, na baya kuwa sai an kai masa motar gareji ya ɗaga rabin injin. Ya ce gobe zai turo a ja ta. Goben makanike kuwa kowa ya san ta, ba ta da rana a kalanda. Da ta ga saura kwana ɗaya a koma asibiti, sai ta rufe keken ɗinkinta, ta je ta sayo sababbin fulogogi, ta jawo akwatin kayan aikin Direba daga ƙarƙashin gado. Ba yau ta fara ganin aikin ba. Shekara da shekaru ita ce mai riƙe masa tocila, kuma in noti ya faɗa lungu ita yake kira, wai Allah ya yi hannunta ne don bayan inji ba don allura ba.

Bayan azahar ta turo shi inuwa kusa da motar, don ba a barinsa shi kaɗai. Na gaban ba su ba ta wahala ba. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, baƙi ƙirin, suna warin fetur. Ta rasa inda za ta ajiye, ta ƙunshe su a tsumma ta ɗora masa a cinya.

Na bayan ne aiki. Duk wanda ya zana injin nan bai taɓa riƙe sifana ba, ko kuma yana da ƙullatar mutane a ransa. Ramukan suna can ƙasa tsakanin inji da jikin mota, ido ba ya kaiwa, sai lalube. Ta ɗora matashi a kan injin ta kwanta rub da ciki, kuncinta a kan ƙarfe, hannunta a ciki har kafaɗa. Wani bakin kwano ya yanke ta a gwiwar hannu, ba ta kula ba. Da ƙyar da siɗin goshi ta fitar da tsofaffin, ta sa sababbi biyu suka zauna lafiya. Saura na can ƙuryar, wanda raminsa yake a karkace.

Ta ɗora sabon fulogin a bakin doguwar sifana, ta zura, ta fara juyawa. Sai Direba ya fara gurnani.

Ta ɗago. Yana miƙa hannun hagunsa wajen bangon famfo, inda tarkacensa suke rataye a ƙusoshi. Ta sauko ta ɗebo ruwa ta kai masa baki. Ya make kofin ya jiƙe mata zani.

"Bayi ne?"

Gurnanin ya ƙaru, wuyansa ya yi jijiya, yana dukan hannun kujera.

"Don girman Allah, Baban yara, ka bar ni in gama. Don wa nake wannan wahalar? In rana ta faɗi ban gama ba, ka san abin da zai biyo baya?" Ta yi tsaki ta ba kanta amsa. "Ina za ka sani."

Ta tura kujerar can jikin bangon, ta juya shi ya ba motar baya, ta taka birkin kujerar. Ta koma kan matashinta.

Fulogin ya yi tauri tun a juyi na biyu. Ta ɗauka kamawa yake yi, ta ƙara ƙarfi. Ya ƙara tauri, ta cije leɓe ta sa nauyin kafaɗarta. Can sai taurin ya saki gaba ɗaya, sifana ta riƙa juyawa sakayau ba ta kama komai. Ta ce wa ranta wataƙila haka na ƙurya yake. Ta mayar da wayoyi, ta shiga ta murɗa makulli.

Motar ta tashi bugu ɗaya. Ta yi wani sauti mai laushi da Anti Tela ta manta da shi, har ta buɗe baki za ta yi hamdala. Sai wani abu ya yi ƙara kamar an daki kwano da guduma, injin ya koma fat-fat-fat, motar tana girgiza. Ta kashe, ta fito ta leƙa injin. Sabon fulogin yana reto a jikin wayarsa, haƙoransa cike da ɓarɓashin farin ƙarfe.

Ta kira makanike. Wannan karon ya ɗauka da wuri.

"A karkace kika sa shi, Anti. Kin cinye haƙoran ramin. A wurin nan kuwa ba dabara, sai an sauke kan injin an kai wa masu gyara. Ki cire rai da ita a watan nan."

Ta daɗe zaune a cikin motar, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Ba ta yi kuka ba, kukan ma ƙarfi yake so. Da ta ga inuwa ta gushe daga bangon famfo, ta tashi ta nufe shi don ta shigar da shi ɗaki.

Ta juyo kujerar, ta tsaya. A hannunsa akwai wani guntun tiyo na roba, bai kai kamu biyu ba, wanda ya daɗe rataye a ƙusa har ta daina ganinsa. Ya ciro shi da kansa. Ya kwance tsumman da ke cinyarsa, ya matse tsohon fulogi ɗaya tsakanin gwiwoyinsa, ya cusa kansa a bakin tiyon. Da ya ga tana kallo, sai ya ɗaga shi, ya riƙe ƙarshen robar da yatsu uku. Ya juya baya kaɗan, ya dakata, sannan ya juya gaba a hankali, a hankali.

Sai a lokacin ta tuna. Bai taɓa fara ɗaura fulogi da sifana ba, da robar nan yake farawa, don in ya shiga a karkace robar sulɓewa take yi, ba ta da ƙarfin ɓata komai. Tun daga inda yake zaune ya ga abin da za ta yi, ya san ƙarshensa, ya faɗa mata da duk abin da ya rage masa, ita kuma ta kawo masa ruwa.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baban yara, kana ganewa? Duk abin da ake faɗa kana ji?"

Ya gyaɗa kai.

"Abin da Yaya ya ce ranar nan?"

Ya gyaɗa.

"Da wanda na faɗa wa ƙanwata, ina maka aski?"

Ya daɗe yana kallon robar da ke hannunsa, sannan ya gyaɗa. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ta kama hannunsa da nata mai baƙin mai, magana tana zubo mata ba tsari.

"Ka yafe mini, gajiya ce, ba har zuciyata ba. Ba inda za a kai ka. Zan sayar da keken ɗinki, zan nemi mai ɗaukar mu ko nawa ne. Yaya ya zo ya gani da idonsa kana nan, hankalinka garau. Kai dai ka nuna masa ba ka so. Za ka zauna a nan tare da ni, ko?"

Ya girgiza kai.

Ta yi murmushin dole. Ai dama yakan rikita su, ta ce a ranta, e ta zama a'a. Ta gyara durƙuso ta juya tambayar, tana fitar da kowace kalma daban.

"Gidan Yaya kake so a kai ka?"

Ya dube ta ido cikin ido, babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mata sauƙi. Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa don kada ta ce kuskure ne. Sannan ya zare hannunsa daga nata, ya miƙa mata robar.