Bishiya Ba Ta Tsallaka Titi

Daga ranar da aka buɗe gadar sama ta masu tafiya a ƙafa, mutuwa ta bar babban titin tashar jiragen ruwa. Magajin gari ne ya sanar da haka da almakashi a hannunsa, kuma an zana maganar a allon tagulla a gindin gadar don kada wani ya zo yana musu daga baya.

Doña Zunilda tana can bayan taron. Rabin jawabin ta ji, iskar teku ta tafi da saura. Kusa da ita maƙwabcinta Don Rosamel ya dogara da sandarsa yana ƙare wa gadar kallo. Ta ɓangaren cikin gari, inda gidan burodi da asibiti da coci da tashar bas suke, an yi mata gangare mai laushi wanda ko keken guragu zai hau yana waƙa. Ta ɓangarensu kuwa, gindin tudun Las Tencas, matakala ce ta ƙarfe, tsaye kamar tsani, da wata kwana matsattsiya a tsakiyarta. An riga an cire danja, an shafe zanen tsallaka titi da baƙin fenti, an ja shingen waya gefe da gefe.

Da aka fara rabon lemo, Don Rosamel ya tare wani kansila mai sabon takalmi.

"Ranka ya daɗe, tamu hanyar fa? Ko ba a gama ba ne?"

"An gama, baba. Ai gangare sai inda mutane suke. Wannan ɓangaren, bisa sabuwar taswira, koren fili ne."

"Koren me?"

"Fili. Daji, wato. Bishiyoyi. A hukumance ba kowa a can."

Su uku suka ɗaga kai suka dubi dajin. Gidajen kwano ne shuɗi da ja da rawaya, ɗaya bisa kan ɗaya har sama, da shanya tana kaɗawa, da wani kare yana haushi a kan rufi. Kansilan ya ce ana kiransa, ya wuce.

"Kin ji ko, maƙwabciya," in ji Don Rosamel. "Tun muna da haƙora nake shan shayi da bishiya ban sani ba."

"Kai dai kututture ne, wannan ko ba taswira na sani."

Bangon kwano ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nasa. Mijinta ya rasu, matarsa ta rasu, bangon ya zauna. Da asuba tarinsa ne agogonta. In ya yi, sai ta ɗora ruwan zafi, in ya makara sai ta buga kwanon da cokali ya amsa da zagi. Ya yi rayuwarsa yana dakon buhuna a tashar jiragen ruwa, tashar ta sallame shi da ƙugu ɗaya da ba ya lanƙwasuwa. Duk da haka shi ke sauka kullum ya tsallaka titi ya sayo musu burodi. Da yamma ta murje fiya da gishiri, su shafa a burodin, su sha shayi a bakin ƙofarta, suna kallon jirage suna gulmar duniya.

A tsakar gidansa akwai jan bulo a jere, an lulluɓe da leda. Ɗai-ɗai ya tara su tun yana aiki, don ya tayar da bango na gaske. Bayan buɗe gadar, ranar da ya kwaɓa siminti, mai duba gine-gine na ƙaramar hukuma ya hawo tudun yana haki, ya ce ba a gini a koren fili. Don Rosamel ya ba shi ruwa ya sha, ya mayar da ledar.

Gadar kuwa sau ɗaya ya gwada ta. Doña Zunilda tana bayansa tana jin yadda sandar ke ƙara a kan ƙarfe. Ya kai kwanar nan, ƙugun ya ƙi, ya zauna. Sun daɗe a wurin mutane suna raɓa su suna wucewa. Sai ya sauko da baya, da zaune, kamar yaro.

Mako bai cika ba wata kafa ta bayyana a jikin shingen, nan da kuma can ƙetare. Ba wanda ya yanka ta. Duk tudun an yarda a kan haka.

"Ka bar mini sayen burodin," ta ce masa. "Gwiwoyina suna hawa, ko da suna ƙorafi."

"Ke? Ki hau da safe ki dawo da azahar, mu ci na jiya?"

"Tirelolin nan ba sa ganin mutum, Rosamel. Tun da aka cire danja gudu suke kamar an koro su."

"Ba mutum ba ne ni. Direba yana kauce wa bishiya, tana lalata mota."

Ta yi dariya. Ita ce dariyar da ta fi damunta daga baya.

Da sanyi ya shigo, majalisar gari ta sanar a rediyo cewa za ta zauna kan makomar tudun Las Tencas, wato ko za a kwashe mutanen da babu su, ko za a bar su su ci gaba da rashin kasancewa. An ce duk mai magana ya zo da kansa.

Da safiyar ranar zaman, Don Rosamel ya fito cikin kwat ɗin da ya yi jana'izar matarsa da ita, tana warin maganin asu. Ya tsaya a ƙofarta ta gyara masa laktaye a wuya.

"Ina zuwa haka, ango?"

"Zan je su ga bishiya mai tari. In tsaya a gabansu, in yi musu guda ɗaya mai kyau, su rubuta."

"Jira in gama shanya mu tafi tare. In riƙe ka, mu hau gadar a hankali."

"Kafin ki kai ni sama sun tashi cin abinci. Ki ɗora ruwa dai. Zan biyo da burodi mai zafi."

Daga tsakar gidanta ana ganin titin gaba ɗaya, can ƙasa, siriri kamar igiya. Tana shanya zanen gado ne ta lura tireloli sun tsaya a layi, kwantena bayan kwantena, abin da ba ta gani ba tun da aka cire danja. Ba ta ji ƙarar komai ba. Ta tsaya da matsen shanya a bakinta tana kallon ƙananan mutane suna taruwa a wuri ɗaya. Sai ta ajiye zanen a ƙasa, jiƙaƙƙe, ta fara sauka.

Shi ne, saura taku kaɗan ya ƙetare. An lulluɓe shi da ledar mota, takalmi ɗaya ya leƙo, gogagge. Sandar tana can gefe ba abin da ya same ta. Direban tirelar da ta buge shi ya tsuguna a bakin titi ya haɗa kai da gwiwa.

"Kin san shi, uwa?" wani ɗan sanda ya tambaya.

"Maƙwabcina ne. Rosamel Tapia."

"Adireshinsa?"

Ta nuna tudun da hannu. Shuɗin rufin nan, kusa da nata, inda farin zane yake kwance a ƙasa.

Ɗan sandan ya duba, ya sosa ƙeya da biro. "Can ba adireshi," ya ce a hankali, ba da mugunta ba. Ya rubuta abin da ake rubutawa ga marasa gida.

Washegari rediyo ya karanta sanarwar ƙaramar hukuma. Ta nuna alhini, ta kuma tunatar da jama'a cewa mamacin ya ƙi amfani da gada, kuma har yau ba wanda ya hau gadar ya mutu. Wannan gaskiya ne. An ɗage zaman majalisa saboda mazauna tudun ba su halarta ba. Wannan ma gaskiya ne, suna bakin titi.

Motar gawa ta miƙa akwatin ta saman shinge ta yi gaba, don an hana tsayawa a wurin. Aka yi zaman makoki a ɗakinsa da kofi da romon kaza. Tsofaffin 'yan dako suka zo, masu karkatattun kafaɗu, suka ce a kafaɗa za su kai shi coci, ba wanda zai ɗora abokinsu a mota kamar kaya.

A gindin tudun suka tarar da ɗan sandan nan an tsayar da shi gadin kafar shingen.

"Ku yi haƙuri, iyayena. An ce ta gada."

Suka hau. Akwatin ya kai kwana ya ƙi juyawa. Suka karkata shi, suka ɗaga ƙafa, suka sauke kai, har aka ji wani abu ya zame a ciki. Don Eliodoro, babbansu, ya ce a dakata.

"Da ransa bai wuce nan ba," ya ce. "Ku sauko da shi."

Suka sauko da baya. Suka tsaya a gaban ɗan sandan. Ya dube su, ya dubi matakalar, sai ya sa hannu biyu ya buɗa wayar da kansa, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Tireloli suka tsaya. Direbobi suka cire hula. Doña Zunilda tana tafe a gefen akwatin, tafinta a kan katakon.

"To ga shi," ta ce masa ƙasa-ƙasa. "Yau sun gan ka."

A garin nan kowa ya san wanda ya mutu a hanya, ransa a wurin yake tsayawa, kuma ba a barin rai a waje ruwa yana dukansa. Bayan an kwana biyu ta yaye ledar tsakar gidansa. Bulo bibbiyu ta riƙa sakawa a jakar cefane tana kaiwa ƙetare, daidai inda takalmin ya leƙo. Don Eliodoro ya kwaɓa simintin. Suka tayar da animita, wato ɗan gidan da ake gina wa ran mamaci, mai tsayin gwiwa, da ƙofa buɗe da gicciye a kai. Rufin kuwa daga bangon da ke tsakaninsu ta yanko shi. Yanzu in ta kwanta tana ganin ɗakinsa ta kafar, ba kowa.

Ana cikin shafa shuɗin fenti ma'aikatan ƙaramar hukuma suka iso da sandunan ƙarfe don toshe shingen, mai duba gine-gine yana gaba. Ya tsaya a kan ɗan gidan. Bulo ne, siminti ne, a bakin titin gwamnati, ba takardar izini.

"Na wa ne?"

"Na wanda ya ba ka ruwa," in ji Doña Zunilda. Ba ta ɗago ba.

Ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya ce wa yaransa su ja shingen ta bayansa kada su taɓa. Ba a haifi ma'aikacin da zai rushe animita ba. Haka Don Rosamel ya samu gidan bulo, kuma a ɓangaren da mutane suke.

Ƙarfen da aka sa wannan karon ba ya yankuwa. Don haka kowace yamma, lokacin shayi, Doña Zunilda tana wuce allon tagulla, ta kama ƙarfen matakala da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kyandir da ashana. A kwanar nan takan zauna ta jira gwiwoyinta su gama magana. Sannan ta ƙarasa, ta bi gangaren mai laushi ta sauka, ta durƙusa a ƙofar ɗan gidan ta kunna masa wuta.

Tirela ta wuce, iskarta ta kashe kyandir ɗin. Ta ƙyasta wata ashanar, ta kare da tafin hannunta.