Ranar Ruwan Shuka

Naziru yana sharar ruwan da ya kwanta a ƙofar shagon walda lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Inna Sa'a ce, mahaifiyarsa, daga ƙauyensu na bayan Gesheme.

"Can ma kun samu?" ta tambaya. "Nan na tura hannu cikin ƙasa, danshi ya kai gwiwar hannu. Kowa ya fita da sungumi tun asuba. Gonarmu kaɗai ce babu mutum."

"Inna, yau baƙi za su zo daga Doso."

"Baƙi za su sara maka ramukan? Ƙafar babanka ba ta takuwa, ka sani. Ni zuba iri na iya. In rana ta buga yau da gobe, ƙasar ta tafi."

Ya ce yana nan tafe da zarar an sallame su. Ta kashe wayar.

Bana Naziru bai je cin rani ba. Sa'o'insa sun tsallaka Kabi tun bayan girbi, shi kuwa ya tsaya Dogon Dutsi saboda sunansa ya fito a shirin gwamnati na koya wa marasa aiki sana'a, abin da ake kira sitaj. Wata shida a shagon Laurent mai walda, a ƙarshe kuma, in ji su, a ba wanda ya ƙware injin nasa na kansa. An ce za a fara da sanyi a gama kafin damina. Aka yi ta jiran sa hannun wani a Yamai har zafi ya shigo.

"Maigida, in tafi?" ya tambayi Laurent.

Laurent ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ni dai ban riƙe ka ba. Amma ka ji abin da Abdussalamu na ofishin shirin ya faɗa: wanda baƙi suka zo ba su gani ba, kamar bai taɓa zuwa ba ne."

Da hantsi Abdussalamu, jami'in shirin, ya iso a babur, ya goyo wani saurayi mai ƙamshin turare. Ya ce sunansa Khalid, shi ne ɗan sitaj na biyu a shagon. Naziru bai taɓa ganin fuskarsa ba.

"Ashe mu biyu ne," in ji Naziru. "Sannu da aiki, abokina. Ka sha wuya."

Khalid ya yi dariya ba tare da jin haushi ba. "Ina da jarrabawar shiga kwastan, shi ya sa. Wannan abin ta ina ake riƙe shi?"

Aka ba su shuɗɗan riguna sababbi, aka ce su zauna. Suka zauna. Rana ta fito sosai, ta shanye ruwan da ke kwance a titi. Naziru yana kallon yashin ƙofar shago yana sauya launi daga baƙi zuwa fari, har akuya ta zo ta kwanta a kai. A-kori-kura biyu masu zuwa Gesheme suka wuce ta gabansa, cike da mutane da buhunan iri.

Sai bayan la'asar farar mota ta tsaya. Tun iskar jiya babu wuta a unguwar, don haka ba wanda aka ce ya haɗa ko da ƙarfe biyu. Aka rufe musu fuska da garkuwar walda, aka ba kowa abin riƙewa, aka ɗauki hoto. Shugabar tawagar, wata mata mai fara'a, ta tambayi Naziru inda ya tsaya a lakwal.

"Aji shida na firamare, Madam."

"Ayya. Injin na masu birebe ne, takardar gama ƙaramar sakandare, haka masu ba da tallafin suka sharɗanta. Ba a gaya maka ba?" Ta dubi Abdussalamu, shi kuma ya dubi wayarsa. "Amma kada ka damu, ɗana. Mun ji kai mai ƙwazo ne. Za mu ƙara maka wata shida."

Ta faɗe shi kamar mai yin albishir, har ta dakata ya yi godiya. Ya yi.

Da motar ta tafi, Khalid ya tuɓe rigar ya ninke. Ya tambayi Laurent a hankali ko ya san mai sayen irin wannan inji idan ya iso.

Naziru ya jira har suka bar wurin. "Maigida, to ka ɗauke ni aiki mana. Ƙofofin makarantar nan duk ni na yi su."

"Kai ka yi, kuma sun yi kyau." Laurent bai dube shi ba. "Ka san Nuhu, wanda ke tallan sanda a tasha? Shekara da shekaru yana nan ina biyansa. Da shirin nan ya kawo mana masu yin aiki kyauta, na sallame shi. Duk masu walda a garin nan haka suka yi. In na biya ka, wanda ba ya biyan kowa zai karya mini farashi. Ba mugunta ba ce, Naziru."

A tasha ya tarar motar ƙarshe tana lodi. Ya sa ƙafa ɗaya a kan taya, ya kira Inna ya ce ga shi nan.

"Yi zamanka," ta ce. Muryarta babu faɗa, gajiya ce kawai. "An shuka. Kawunka Illo ya turo yaransa da azahar."

"Haka kawai?"

"Wa ke yin haka kawai ranar ruwan shuka? Gefen fadama nasa ne bana, har da baɗi. Babanka ya yarda a gaban mutane. Tudun suka bar mana." Sai ta tambaya, "An ba ka injin?"

"Sai nan gaba."

"To, Allah ya kai mu."

Yaron mota ya buga ƙarfe. "Malam, ka hau ko ka sauka."

Naziru ya sauke ƙafarsa. Ya koma ta hanyar da ya zo, ya tarar Laurent yana saka kwaɗo a ƙofar shago.

"Gobe ƙarfe nawa, Maigida?"

"Kamar kullum. Ka zo da rigar, sun ce ta shirin ce, kada ta ɓata."