Almustapha Ya Riga Kowa Zuwa Ƙarshen Littafi

Yatsan Almustapha na gangarowa tsakiyar shafi kamar akuyar da ta hango mai gona. Kafin Alhaji Abdulmutallib ya gama gyara zama, har ya juya shafi ya kama wani, bakinsa kuwa a rufe. Mutanen benci suka dubi juna.

A kan bencin nan, ƙofar shagon hatsin Alhaji a kasuwar Bakori, Almustapha ke karanta musu littafi kullum bayan la'asar, tun da idon Alhaji ya fara rauni. A sakatariyar ƙaramar hukuma inda yake aiki, ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa. Nan kuwa a tsakiya ake zaunar da shi, a miƙo masa gasasshiyar masara da zafinta, kowa ya zuba masa ido. Yana son bencin nan har cikin ransa.

Tun saukar damina suke bin labarin wani Sarkin Noma da aka ƙone wa rumbu, kuma kullum sai an tashi da gardama kan wanda ya yi aika-aikar. Alhaji ya kafe kan maƙwabcin Sarkin Noman. Sulemanu mai gyaran babur ya ce dillalin nan ne, shi tun farko bai yarda da dariyarsa ba.

Ana cikin haka ofis ya tura Almustapha bita Funtua. Can wani mai kwat ya koya musu karatun sauri: kada a motsa leɓe, kada a koma baya, a ɗauki kan sakin layi da gindinsa, abin da ke tsakiya duk ƙaiƙayi ne. Ya ce manyan duniya kan cinye littafi kafin shayinsu ya huce. Almustapha ya dawo yana jin tausayin duk wanda bai je Funtua ba.

"Malam, mu fa ba ma jin komai," in ji Alhaji.

Ba tare da ya ɗago ba, Almustapha ya bayyana musu cewa murya ce ke ja wa ilimi birki, su yi haƙuri, yau zai hutar da su wahalar wata guda. Shafuka suka yi ta tashi. Can ya rufe littafin, ya buga shi a cinya.

"Ƙanensa ne ya ƙone rumbun. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya jira yabo. Sulemanu ya ajiye masarar da yake gaigaya a hankali, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Alhaji ya daɗe yana shafa gemu.

"Ƙanen nan da ya sayar da sansa ya kai shi asibiti? To, don me?"

Almustapha ya sake buɗe littafin, ya bi kawunan sakin layi, ya bi gindinsu. Dalilin yana can cikin ƙaiƙayin da ya sheƙe. Ya ce ai wannan ƙaramin bayani ne, babban abu shi ne sakamako. Ranar tun kafin a kira magariba kowa ya tuna yana da uzuri a gida.

Washegari Almustapha ya zo da niyyar ba da haƙuri, ya tarar an riga an zauna. Sulemanu ya aro wayar matarsa Liatu, wadda ke da littafin a murya. Sun saka wayar cikin mudu don ta ƙara amo, sun ɗora mudun a tsakiyar benci, daidai wurin zamansa. Wata mata ce ke karantawa, tana jan kowace kalma, tana tsayawa ta yi ajiyar zuciya in abin ya kai. Daga inda suka tsaya kafin bitar suka ɗauko, duk da sun san ƙarshen.

Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya matsa ya ba shi wuri. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya tsaya jikin buhunan dawa yana jiran a ɗago a dube shi, har matar ta kawo inda ƙanen ya tarar an raba gonar gado ba da shi ba. Bai san sa'ad da ya miƙa wuya ba.

Alhaji ya juyo, ya ƙanƙance ido har ya gane shi.

"Kai da ka riga ka gama, me kuma kake jira?"

Almustapha ya janyo wani tsohon buhu ya shimfiɗa a ƙasa, ya zauna kusa da mudun.